Tokar Kasko

Moctar, ɗan wan mahaifiyata, ya taso tun daga La Courneuve, kusa da Paris, zuwa gidanmu a Vaulx-en-Velin, nan Faransa, saboda tsabar azurfa guda ɗaya. A baki dai zumunci ya kawo shi, amma ruwa ba ya tsami banza.

Tara tsoffin kuɗin azurfa ita ce cutarsa. Kowanne na kwance cikin ɗan kwanon roba, ba ya taɓa su sai da safar hannu, sai ka ce likita. Abin da ya tsone masa ido shi ne liyarin kakarmu, mai kan sarauniyar Turawa, wanda fatake suka ratso hamada da shi har Damagaram. A can wani maƙeri ya buga masa tambarinsa, ya yi masa kunne don a zura zare. Kaka ta rataya shi, Inna ta rataya, kuma ta yi mini alkawarinsa ranar da zan ƙare digirina a Villeurbanne. Tun rasuwar Kaka yake cikin adaka, ya yi baƙi ƙirin.

Da Moctar ya gan shi, sai ya juya wajen Inna.

"Gwaggo, wannan baƙin shi ne darajarshi. Kar ruwa ya taɓa shi. In tahi da shi Paris, a cire kunnen, a ajiye cikin vitrine, akwatin gilashi. Mutmainna za ta ɓad da shi cikin jirgin metro."

Ni Mutmainnar da yake nufi, raina ya ɓaci ƙwarai. Ya ƙara da cewa ya riga ya buga wa kawunnanmu waya, duk sun yarda kayan tarihi na mai iya adana shi ne.

Inna ba ta musa ba. Ta ce ya tashi ya yi la'asar tukuna. Yana tayar da kabbara ta ɗauki liyarin ta nufi kicin, ina biye da ita. Ta juye tokar kaskon turarenta a faranti, ta matsa lemun tsami, ta hau dirza da babban yatsa kamar yadda matan gidanmu ke wanke azurfa in biki ya matso. Ba ta bar masa ko lungu ba.

Moctar ya sallame ya tarar da liyarin yana ɗaukar ido. Ya juya shi, ya ga ƙananan zane-zanen da toka ta bari, ya dafe kai.

"Gwaggo, kin kashe shi! C'est fini, shi ke nan. Babu mai tara kuɗin da zai ko dube shi yanzu."

"Babu ko ɗaya?"

"Walla ko ɗaya."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. Ta karɓe shi daga hannunsa, ta zura sabon zare a kunnen. "Sai ka buga ma kawunnan naka, ka hwaɗa musu tsohuwa ta ɓata kaya. Ke, duƙo da wuyanki."