Saura dutse ɗaya a gwangwani

Dubu arba'in da biyar nake bin malamin da ke haya a ɗakin bakin ƙofa, kuɗin wata uku. Ni ban yi boko ba, amma ba a taɓa cin ƙwandalata aka kwana lafiya ba. Da na je masa da maganar sai ya hau kame-kame, wai albashi bai shigo ba.

Na ce, "Malam, ba Turanci kake koyarwa ba? To biya ni da shi."

Ya yi dariya. "Iya, da tsufanki? Jarrabawa za ki zauna?"

"Kowace Lahadi nake zama, ina faɗuwa."

Autana ya shekara goma sha ɗaya a ƙasar waje. 'Yarsa, takwarata, shekararta bakwai, ko "sannu" ba ta iya ba. Ran Lahadi da la'asar uban zai kira ta wayar nan mai nuna fuska, ya miƙa mata. Ta ɗaga hannu, in ɗaga. Ta nuna min giɓinta, in nuna mata nawa da suka fi yawa, mu yi dariya. Iyakar zumuncinmu ke nan.

Muka yi ciniki da malam, darasi ɗaya dubu ɗaya da ɗari biyar. Na zuba ƙananan duwatsu talatin a gwangwanin madara, in ya koyar in cire ɗaya.

Ranar farko ya manna takardu a jikin ƙofa da kujera da bokiti, wai in riƙa ganin sunayensu. Na ce, "Wa zai karanta min, bokitin?" Ya cire. Ya ce to in riƙa magana gaban madubi, kada in ji kunya. Wannan na yi. Sai ya kawo rediyo, ya ce kullum in saurari awa guda. Na saurara, kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Na kashe.

Ya ce, "Iya, kunne ne gaba, baki na baya. Ko jariri sai ya daɗe yana ji kafin ya ce uffan."

Na ce, "Ban yafe kuɗin haya don in zauna shiru ba. Kowane dutse ka ba ni magana guda da zan riƙe. Ba na sayen kaya a cikin buhu."

Ya girgiza kai, ya ba ni. Kan da ke riƙe da bashin mutum arba'in ba takarda, me maganar Turanci za ta yi masa? Na haddace ashirin da tara, tsaf, har da yadda yake lanƙwasa harshe.

Lahadin da na shirya, na sa sabon zane. Da takwarata ta karɓi wayar na gaishe ta da Turanci, na ce ina sonta, na tambaye ta makaranta. Yarinyar nan ta zaro ido, ta yi ihu, ta ruga ɗakinta da wayar, ta rufe ƙofa. Sai ta hau zuba. Turancin malam tafiyar tsoho yake yi, nata kuwa gudu. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Ina ta gyaɗa kai.

Can sai muryarta ta yi rawa, idonta ya ciko. Ta tambaye ni wani abu, tana jira.

Na laluba cikin ashirin da taran nan. Akwai "nawa ne wannan", akwai "yau ana zafi". Na ɗauko wadda na ga ta fi laushi, na ce mata, "E, haka ne, na gode."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta kai wa ubanta wayar.

Shi ya faɗa min daga baya. Yara ne a makaranta suke yi wa sunanta dariya, ba ta gaya wa kowa ba sai ni, mai sunan. Tambayarta ita ce, da gaske sunanmu mummuna ne?

Na ce, "Ka faɗa mata ban ji ba ne!"

"Na faɗa, Iya. Ta ce ai ta ji ki kina Turanci."

Lahadi huɗu ke nan. In ya kira sai ya ce tana aikin makaranta. Ko giɓin ban ƙara gani ba, ƙila ma haƙorin ya fito.

Jiya malam ya leƙo ya ce, "Iya, saura ɗaya mu rabu lafiya. Wace magana kike so?"

Na ce, "Wata nawa ka ce kunnen yake ɗauka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ga yaro, shida. Ga babba, sai yadda Allah ya yi."

Kunnena na hagu da ma ya daɗe da mutuwa. Na ce ya kunna min rediyon ya tafi, wannan ba darasi ba ne. Dutsen yana nan cikin gwangwani.