Lalas Uku a Bayan Garkuwa

Shekarar da Di'o, Baturen mulki, ya sa aka gina ɗakin kayan tarihi a Isa, mutanen gari sun sha dariya. Baturen ya tara tsofaffin takubba da kwari da baka, da wata garkuwar Gobirawa ta fatar warwaji, wani naman daji, da aka ɗauko daga Sabon Birni, wai a kulle su a riƙa zuwa kallo. Ya damƙa mabuɗi ga Sodangi, mutum mai babbar riga da ƙaramin imani.

Illo kuwa Bafillacen Kurawa ne da ciwon bushiya ya cinye wa garke. Aikinsa shi ne shafa wa kayan fata man shanu duk Jumma'a don kada su tsattsage. Da wannan ɗan aiki yake ci da kansa da tsohuwar yayarsa Adda, ba su da wani abu bayan shi.

Wata Jumma'a ya juya garkuwar zai shafa bayanta, sai hannunsa ya tsaya. An shafe ta da toka da hayaƙi don ta yi kamar tsohuwa, amma ga tabon lalas uku a jere, na ukun a karkace. Shi ya yi su da ƙarfe mai zafi a ɗuwawun Kyalla, bijiminsa na ƙarshe, lokacin da ya yi ciwo. Na ukun ya karkace ne saboda Kyalla ya harbe shi, har Illo ya yi wata guda yana ɗingishi. Bara ya sayar da shi ga mahauta. Wato an sace garkuwar gaske, an rataye bijiminsa a madadinta.

Tsoro ya kama shi ƙwarai, don Sodangi kalma ɗaya zai faɗa wa Bature a kore shi. Ya gaya wa Adda yana ta sassauta murya.

"In ka yi kurum," in ji Adda, "ran da anka gane, wa za a ce ya musanya ta? Mai shahwa mata mai. Tashi ka tahi wurin Wakili."

Wakili shi ne wakilin hakimi, dattijo mai son raha. Ya saurari Illo har ƙarshe yana shafa gemu.

"Ranka shi daɗe, in Sodangi ya ji ni na hwaɗi, na rasa abincina."

"Mi kah hwaɗi? Ni ban gan ka ba yau. Koma gida, za ni san abin yi."

Ranar kasuwa Wakili ya ce ai Di'o na son talakawa su san tarihinsu, a fito da garkuwa kowa ya gani. Sodangi bai so ba, amma da ya ga taro sai bakinsa ya buɗe. Ya gyara riga yana bayanin yaƙe-yaƙen da garkuwar ta gani tun zamanin Alkalawa. Wakili ya yaba, sannan ya ce a juya ta mutane su ga maɗauri.

Sarkin Pawa ne ya fara leƙawa, ya fashe da dariya har hularsa ta faɗi.

"Wanga ai Kyalla na. Ga lalas ɗin Illo, ga karkataccen. Bijimin da yas sa ni hawan tsamiya ran da munka saye shi, ko cikin kabari na gane shi."

Abin da Sodangi ya manta ke nan: a ƙasar makiyaya ba a ɓoye fatar bijimi. Masu nono suka ce shi ne, dillalan shanu suka rantse. Wani majemi ya ce ai shi ya jeme fatar, kuma Malam Sodangi ne ya zo da kansa ya karɓa. Sodangi ya riƙa raba ido yana neman wanda ya tona shi, ya ga baki ya fi ɗari, kowanne na dariya. Kafin la'asar dogarai sun zaro garkuwar gaske daga rumbunsa, a naɗe cikin tabarma tana jiran fataken Maraɗi. Aka karɓe mabuɗi a hannunsa.

Sai kasuwa ta juyo kan Illo, wanda shi kaɗai bai ce uffan ba.

"Kai Illo," in ji Sarkin Pawa, "kana shahwa ma bijiminka mai ba ka gane shi ba? Wane irin Bahillace ne kai?"

Illo ya sunkuyar da kai yana murmushi. Bai taɓa jin daɗin ba'a irin ta ranar ba, don duk wanda ya yi masa dariya ƙara rufa masa asiri yake yi.

Wakili ya miƙa masa garkuwar ƙarya ba tare da ya dube shi ba. "Ɗauki abinka, wawa. Jumma'a kuma kada ka makara, ta gaske na jiran mai."

Illo ya rungume ta ya nufi gida. Adda na bakin ƙofa, ta shafa karkataccen tabon da yatsa, ta ce, "Sannu da dawowa, Kyalla."