Sabulu da Tankin Gimbiya

Ƙafafun Baba kawai ta gani sun leƙo daga ƙarƙashin motar, silifas ɗaya ya zame, ga takardar sabon sabulunta yashe a gefe. Maman Biyu ta tsaya a ƙofar gareji da tawul a kafaɗa, ta haɗiye abin da ya taso mata. Can banɗaki ta baro 'yan biyunta tsirara suna jiran wanka.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata," muryar surukin nata ta fito daga ƙasa. "Aron sabulu na yi. Ɗan gumi Gimbiya take yi."

Wai gumi! Tankin mai ne ya rube yake yoyo, kowa a gidan ya sani. Kullum da safe sai Baba ya kwanta ya goga sabulu a inda ya tsage, ya toshe na wuni guda, gari na wayewa fetur ya ci gaba da ɗiga a tsohon farantin da ya tara masa. Motar kuwa, wadda yake kira Gimbiya, ta girmi mijinta. Fitilu zagayayyu, kujerun fata, gaba na katako mai sheƙi. Lokaci-lokaci masu sha'awar tsofaffin motoci suna zuwa ɗaukar hoto, Baba ya kafa kujera ya maimaita musu karatunsa: yadda ta fito daga kamfani haka take, ko noti ɗaya ba a taɓa canza mata ba.

A kan wannan magana guda ake neman ƙona gida. Bango ɗaya ya raba gareji da ɗakin yara, ga 'yar taga a sama. Macen cikin 'yan biyun ta kama tari ya ƙi tafiya. Malamarsu har ta tambaya, tana dariya, ko a gidan mai suke kwana. Jiya kuma Maman Biyu ta tsinci namijin tsugune gaban farantin nan da kwalin ashana a hannu, yana ƙoƙarin buɗewa.

Ta sami mijinta a ɗaki yana ɗaura agogo, zai kai Baba asibitin ido.

"Baban Biyu, yau dai za ka yi masa magana ko?"

"Ki bari a ga likita tukuna. Kin san Baba da motar nan. Shi da marigayiya Mama suka saye ta, in aka taɓa ta kamar..."

"Kamar me? 'Ya'yanka fa? Su ba shi da kowa ya same su ba?"

"Ai na ɓoye ashanar."

Ta dube shi sama da ƙasa. Mutumin da ke tsawata wa ma'aikata a ofis, ga shi nan ya ɓoye ashana yana jiran a yaba masa. Mijin na fita da Baba a motarsa, ta kai yara makaranta, ta zarce garejin tsohon bakaniken da ke duba Gimbiya tun kafin a auro ta gidan.

Ta same shi yana wanke hannu a bokiti. Ta zazzage masa komai ba ko numfashi, sabulu, tari, ashana. Ta riga ta shirya jin cewa ba a samun tankin irin wannan mota yanzu, ko kuma ba zai taɓa ba sai da izinin mai ita. Tsohon ya goge hannu a tsumma, ya shige can ƙurya bayan tulin tayoyi, ya jawo wani abu naɗe cikin buhu. Da ya kwance, tanki ne baƙi wul, ko ƙwarzane babu.

"Ga ajiyarki," ya ce.

"Ajiyata kuma?"

"Surukarki, Allah ya jiƙanta, ita ta sa aka ƙera biyu. Lokacin mijinki yana rarrafe tankin asali ya fara yoyo, maigidan ya ƙi a taɓa. Ta jira ya yi tafiya, ta kira ni na sauke na ɗora sabo. Ta ce, wannan ma wata rana zai rube, shi kuwa ba zai canza hali ba, ka ajiye ɗayan, wata za ta zo nema."

Maman Biyu ta nemi benci ta zauna. Tausayin matar da ba ta taɓa gani ba sai a hoto ya kama ta, sai kuma haushi ya biyo baya ya fi ƙarfi. Ashe tankin da ake ta shafa wa sabulunta don kare asali, shi ma ba na asali ba ne!

Kafin rana ta raba sun isa gida. Bakaniken ya buɗe ƙofofi duka, ya hana ta kunna ko fanka, ya zuƙe man cikin jarka, ya ɗaga motar da jak. Notukan sun ci tsatsa, sai da ya yi ta lallashinsu da sifana yana tsaki. Da tankin ya sauko, ƙasansa kamar rariya, ga dasƙararren sabulu kala-kala: kore na wanki, fari na wanka, har da ruwan hoda na yara wanda ta zargi kanta da yarwa. Bakaniken ya ɗora sabon ya ɗaure, sannan ya cika tsohon da ruwa ya ɗauraye sosai, ya ce ko zai tafi da shi. Ta ce ya kai mata bayan gida, ta rufe da tsohon labule. Ta wanke daɓen gareji, ta mayar da farantin inda yake don kada a gane.

Da yamma suka dawo, idon Baba ɗaya manne da auduga. Ko zama bai yi ba ya wuce gareji. Ta leƙa ta tagar kicin. Ya tsaya ya shaƙi iska, ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu ƙarƙashin motar ya shafa. Ya daɗe a haka. Sannan ya miƙe, ya taho har ƙofar kicin, ya ciro guntun sabulun safe daga aljihu ya miƙa mata.

"Ungo, 'yata. Kin daɗe fa. Surukarki sabulu biyu kawai ta bari na cinye mata."

Ta karɓa da hannu biyu, don haka aka koya mata. Wato ya sani. Tun farko ya sani, yana jin tarin jikarsa ta bango, yana kwance yana jiran wata ta yi masa abin a ɓoye don kada bakinsa ya faɗi kalmar canji.

Ana haka aka yi sallama a waje, wasu samari biyu ne da kyamara. Baba ya kafa kujerarsa, ya gyara murya.

"Kun gan ta nan? Yadda ta fito daga kamfani haka take. Ko noti ɗaya..."

Ƙarar ƙarfe a kan siminti ta katse shi. Maman Biyu ce ta taho daga bayan gida tana jan rubabben tankin, ruwan tsatsa na bin sawunta. Ta jingine shi a jikin kujerar, ta juya wajen sabulun ya fuskanci baƙin, ta ɗan rusuna.

"Sannunku da zuwa. Baba, na ce ko za su so su ɗauki wannan ma."

Ta koma ciki ta buɗe tagar ɗakin yara.