Ranar da Kafinta Ya Ƙi Shiga Mota

"Kawu, kama min ƙafafunsa," in ji babban ɗan Kafinta, ko gaisawa ba mu yi ba.

Na tsaya turus a ƙofar ɗakin. Kafinta maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Yana kwance an tokare shi da matasai, ciwon dajin huhu ya cinye shi, ba abin da ya rage sai idanu. Matarsa ta riƙe ƙarfen gadon gam. Nas ɗin da ke zuwa duba shi a gida tana tsaye gefe.

"Ina za ka kai shi?" in ji uwar.

"Asibiti mana, ga mota can a ƙofar gida! Kafin in yi tafiya ana kai shi ƙarin magani. Na dawo an ce an daina. Wa ya ce a daina?" Ya juya kan nas. "Ke ba tun farko kike zuwa ba? Me ya canza?"

"A da, aiki biyu ake yi," ta ce a hankali. "Likitoci na yaƙar ciwon, mu muna rage masa zafi da amai don ya iya jurewa. Yanzu maganin ya daina taɓa ciwon, jikinsa kawai yake ci. Saura namu aikin: kada ya sha wuya, ya samu barci, yana cikin iyalinsa."

"Wato kun sallama shi."

"Ba mu bar shi ba. Kullum ina nan."

Bai saurare ta ba. Ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗun uban, ya daka min tsawa: "Kama mana!" Na sunkuya na kama. Ƙafafun sanyi ƙalau, ba nauyi ko kaɗan.

"Ni na ce a daina."

Kafinta ne. Da ƙyar muryar ke fita.

"Baba..."

"Ka taɓa ganin na buga ƙusa a katakon da gara ta cinye? Ajiye ni, kana ji min ciwo." Ya yi tari mai tsawo, har matarsa ta share masa baki. "In kana son yi min wani abu, zauna."

Ɗan ya daɗe a sunkuye. Sannan ya zare hannunsa, ya zauna.

Tun daga ranar ɗan bai ƙara barin gidan ba. Nas ta koya masa juya uban, da jiƙa masa leɓe da auduga.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, na jiyo salatin matar ta katanga. Da na shiga an riga an rufe wa Kafinta ido. Ɗan na zaune bakin gado da kwali a hannu, yana ta yi masa fifita.