Rariyar Gwaggo Furera

Dillalin gidaje ya kai tsakiyar gidan yana aunawa da ƙafa lokacin da Gwaggo Furera ta buɗe ido daga kan tabarmarta.

"Kai mai babbar riga," ta ce, "ka bari in mutu tukuna. Ko har da ni a cinikin?"

"Allah ya ba ki lafiya, Gwaggo. Dubawa kawai nake yi."

Ina kan tsani a lokacin, ina gyara mata indararo, don damina ta matso. Ɗanta Lukuman, wanda yake koyarwa a Kabo, yana tsaye a bakin zaure, kansa a ƙasa. Dillalin ya ƙarasa gindin katangar da ta raba gidana da nata, ya taɓa rariya da tsinin takalminsa.

"Gaba a yi shaguna, baya ɗakunan haya," ya ce wa Lukuman. "Wannan ramin kuma a toshe shi."

Sai da na riƙe tsanin da hannu biyu.

Gidana a kwari yake. In aka yi ruwa, duk na lungunmu a tsakar gidana yake taruwa, kuma ba shi da mafita sai wannan rariyar. Daga nan ya bi gefen gidan Gwaggo ya faɗa lambatun bakin titi. Haka muka taso muka tarar. Takalman 'ya'yana ma ta nan suke bi. Gwaggo ta tare su da sandarta, ta wurgo su ta kan katanga tana faɗa: "Nata'ala, gidana ba kasuwar takalma ba ne!"

Wata shekara tsumma ya toshe rariyar na yini ɗaya. Ruwa ya shiga ɗakin da 'ya'yana mata suke kwana, gindin bangon ya jiƙe ya yi laushi kamar tuwo. Har yau in na ga hadari sai na je na dafa bangon nan.

A shekarun nan gidajen bakin titi a Gwarzo sun yi daraja. Mutanen da Kano ta yi wa tsada suna fitowa, su sayi gidan ƙasa, su rushe, su ta da na bulo, su cike ƙasa har ta fi ta maƙwabta tudu. Ni kuwa tela ne. Gwamnati na ta cewa a tsuke bakin aljihu, mutane sun koma kawo faci maimakon sabon ɗinki, buhun siminti ya fi ƙarfina.

"Ka yi wa Gwaggo magana," in ji matata Zulaiha. "Gidan nata ne, gadon ubanta."

"In ce mata me? Gwaggo, kafin ki mutu?"

"To ka yi wa Lukuman."

Na yi masa, a gindin dalbejiyar ƙofar gida. Bai ɓoye mini komai ba.

"Nata'ala, tare muka yi wasa a rariyar nan. Amma ba ni kaɗai ne magaji ba, akwai ƙannena mata, kowa da halin da yake ciki. Babu mai zama a gidan. In an sayar kuma, mai gida shi ke da iko da gidansa."

Ban ga laifinsa ba. Na ci gaba da shiga gaishe da Gwaggo safe da yamma, ina kai mata kunun da Zulaiha ta dama. Kullum sai in shirya maganar a zaure, in na shiga na ga yadda ta rame sai in haɗiye.

Wata Laraba bayan la'asar ta aika a kira Malam Ja'afaru, limamin masallacin unguwarmu. Ta sa aka jingina ta da bango, Lukuman a gefenta, ni kuma aka ce in zauna. Bayan an gama gaisawa ta ce:

"Malam, kullum ina jinka ta lasifika kana wa'azin sadaka mai gudana."

"Haka ne, Gwaggo. Wadda ladanta ke bin mutum har kabari. Rijiya, ko masallaci, ko itacen da za a sha inuwarsa."

"Rijiya ta fi ƙarfin mai sayar da daddawa. Amma ina da abin da yake gudana." Ta ɗaga sanda da ƙyar ta nuna rariya. "Ga shi can."

Malam ya yi dariya har rawaninsa ya motsa. "Gwaggo, ai ba irin wannan gudanar ake nufi ba."

"Wace iri ake nufi? Yana gudana ko ba ya gudana?"

"Yana gudana, amma ladan ne ake cewa yana..."

"To ruwan ya gudana, ladan ya bi shi. Ko sai sun yi faɗa?"

Malam ya daina dariya. Ya tashi ya je ya tsuguna a bakin rariyar, ya bi hanyar ruwan da ido har zaure. Da ya dawo ya ce kawar da cuta daga maƙwabci sadaka ce babu shakka, kuma mutum yana da ikon yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarsa ba. Wannan kuwa ko kusa bai kai ba.

"To ku shaida," in ji Gwaggo. "Faɗin kamu ɗaya daga jikin katanga, tun daga rami har titi. Ba na magada ba ne, ba na mai saye ba ne. Na ruwa ne."

"Inna," Lukuman ya ce a hankali, "mai saye zai rage kuɗi."

"Ya rage. Abin da ya rage shi ne guzurina. Ko za ka bar ni in tafi hannu sake?"

Lukuman ya gyaɗa kai. "Na ji, Inna."

Na buɗe baki zan yi godiya. Gwaggo ta harare ni.

"Kai kuma matsoraci. Tun yaushe kake shigowa gaishe ni, bakinka na wajena, idonka na kan rariya? Ka zaci ciwon a ido yake?"

Har Lukuman sai da ya yi dariya.

Ba ta ga ruwan farko ba. Ta cika da hantsi, Zulaiha na riƙe da kanta. Muka kai ta, muka dawo muka zauna a gindin dalbejiya muna karɓar gaisuwa, gabas ta fara haɗa hadari.

Hankalina bai kwanta nan da nan ba. Mai saye na farko da ya ji zancen kamu ɗaya ya fasa. Dillalin ya zo shagona yana cewa tsohuwa ta ɓata ciniki da wasan yara, shi bai taɓa jin an yi wakafi da kwata ba. Na daina cin abinci sosai. Amma ranar rabon gado a gaban alƙali, kafin Malam Ja'afaru ya yi magana Lukuman ya riga shi, ya dubi alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, ban da rariya. Innarmu ta tafi da ita."

Ƙannensa suka ce haka ne. Daga baya wani ɗan kasuwa daga Kano ya saya a haka. Da magina suka ja igiyar harsashi, sai suka matsa kamu ɗaya daga katangata. Lukuman ya zo daga Kabo a kan babur wata Asabar, muka jera duwatsu a hanyar ruwan mu biyu. Yaran unguwa suka sa wa wurin suna Sadakar Gwaggo, har masu shagunan suka ɗauka.

Ruwan da na fi tsoro ya zo a tsakiyar daminar da ta biyo baya, da azahar. Tsakar gidana ta cika har idon sawu. Na yafa buhu na fita, na dafa bangon ɗakin yara, na ji shi da ƙarfinsa. A ciki 'yan matan suna ɓarar gyaɗa suna musu. Ruwan ya yi ta juyawa a bakin rariya yana shigewa, ɗauke da takalmin Zinnira, ƙaramarsu.

Na tsaya ina kallon saman katanga, ban san me nake jira ba.

Sai na zagaya ta waje. Ruwa na fitowa ta tsakanin bangon bulo da na ƙasa, yana bin duwatsun da muka jera. Takalmin ya maƙale a na ƙarshe, yana rawa a bakin lambatu. Na sunkuya na ɗauka.