Launin Mai Nawa

Da hannunsa Baba ya gina tafkin da ke bayan gida, tun idonsa na gani garau. Sana'arsa ke nan, gina wa mutane tafkin kifin ado a lambunansu, amma wannan kaɗai ya gina wa kansa. Cikin kifayen adon da ya zuba, irin waɗanda ake kira koi, akwai wanda ya fi ji da shi: fari sol, da jan tabo a ka, sai wasu inuwoyi ruwan toka a ƙarƙashin fata. Mai Nawa yake ce masa, don ba ya gaggawa.

"Tokar nan da kike gani baƙi ne, Auta," haka ya sha gaya wa 'yarsa. "Yana ƙasa, bai taso ba tukuna. Ranar da ya taso, sauran kifayen nan 'yan rakiya za su koma."

Shekara ta zo ta wuce, bai taso ba. Idon Baba kuwa sai rufewa yake daga gefe, kamar ana jan labule a hankali. Likita ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage ma ba mai zama ba ne.

Auta ba ta yi shawara da kowa ba. Ta je shagon kayan kifi ta sayo abincin ƙara launi, mai garin jatan lande. Mai shagon ya ce kaɗan-kaɗan ake bayarwa. Ita kuwa safe da yamma take cika tafi ta watsa, ta tsuguna tana leƙen bayan kifin ko za ta ga alama.

Alamar ta zo, amma ba wadda take nema ba. Farin ya dafe ya koma rawaya, jan ya ɓalle ya ɓata gefen fuska. Tokar na nan inda take.

Da safe ta riƙo hannun Baba zuwa dutsen da yake zama a bakin ruwa. Bai saki hannun ba. Ya kai shi hancinsa.

"Auta, yaushe kika fara tallan jatan lande ban sani ba?"

Ta sunkuyar da kai.

"Ya yi rawaya ko?"

"Kamar tsohon matashin kai, Baba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ja'ira! Abincin nan ja kaɗai yake kiwo. Baƙi ba ya karɓar cin hanci. Ruwa mai tsabta yake so, da sanyi, da shekaru."

"Shekarun ne ba mu da su."

Can Baba ya naɗe hannun riga ya tsoma hannu a ruwa. Mai Nawa ya taho a sanyaye kamar kullum, ya shiga tsotsar yatsunsa. Baba ya shafa bayansa da babban yatsa, ya tsaya kusa da fiffike.

"Kawo hannunki. Nan zai fara." Ya ɗora yatsanta a wurin, santsi da sanyi. "Ki daina ba shi abin nan, farin zai dawo da kansa. Ranar da baƙin ya taso, ki zo ki gaya mini. Kada ki ce 'ya yi kyau', wannan kowa ya iya faɗa. Ki ce mini daga ina ya fara, ina ya tsaya, ya haura kafaɗa ko bai haura ba."

"To, Baba."

Kifin ya zame ya tafi. Baba ya sunkuya, ya ware idanu iya ƙarfinsa yana murmushi, yana kallon gefen hagu, inda babu komai sai ruwa. Mai Nawa yana dama.

Auta ta zagaya ba motsi, ta tsuguna ta hagun, ta kaɗa yatsunta a ruwa a hankali, har kifin ya juyo ya shigo inda Baba yake kallo.