Dakalin Iya

'Ya'ya uku na binne kafin Binta ta tsaya mini, saboda haka ko ƙuda ya sauka a kanta sai na bi ba'asi. Ubanta kuwa, Garba, bakinsa ba shi da linzami. Kowa ya gani sai ya ba shi labarin 'yarsa.

Shekarar da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Malam Madori, Garba ya ɗaure bandar kifi ya tafi Badun. Can ya saba da wata tsohuwar unguwar Yarbawa, gidajen ƙasa tun na kaka da kakanni, lungu cikin lungu. A ƙofar wani gida ya ga dakalin siminti mai inuwa, babu kowa a kai. Mutumin Haɗeja da dakali, ai sai ya baje kayansa.

Kullum bayan la'asar wata tsohuwa mai shuɗin zane takan zo ta zauna gefensa. Iya yake ce mata. Hausarta tsinci-tsinci ce. Ya ba ta kifi, ta ce gidan ya yi mata shiru, jikoki duk sun watse.

"Ai ni ina da 'ya, Iya," in ji shi. "Ki zo Haɗeja ki gan ta."

Ranar da zai taso, mai gidan ya leƙo, ya gan shi zaune a kan dakalin, ya ɗora hannu a ka. Ashe su a gida suke binne manyansu. Kwana ashirin Garba yana ciniki a kan kabarin uwar mutumin.

Da ya dawo, da dariya ya ba ni labarin. Ni ban yi dariya ba, tsoro ne ya kama ni. Na sa aka rushe dakalin ƙofar gidanmu, na karɓo rubutu wajen malam, na hana Binta fita ko zaure.

Ran Alhamis da la'asar ina tankaɗe, na ɗaga kai na gan ta gindin turmi, ta durƙusa da gwiwa biyu tana gaida inda babu kowa. Da Yarbanci take gaisuwar, yarinyar da ko bakin kogi ba ta taɓa zuwa ba.

"Binta, zo nan!"

Ta juyo tana murmushi, hannunta ɗaya a sama kamar an riƙe shi.

"Inna, ina takalmina? Iya ta ce gida da nisa."